Majinyaciyar Ɗaki na Tara

"Karatun kwashe fo ne ake wa wannan rawar kai?" in ji Hajiya Aissa, tana hararar surukarta Houda da ke shirin fita. "Da Bebi ɗana Tahirou ya aura, da tuni ina goyon jika!"

Houda ta ɗauki jakarta. Shekara biyu ke nan a gidansu na titin Wendover da ke birnin Greensboro, can ƙasar waje, kullum zancen Bebi, 'yar ƙanwar Hajiya da aka so haɗa ta da Tahirou tun a Zinder ya ƙi. Yanzu kuma ga ta ta zo Greensboro wajen yayanta.

Ranar ce Houda, ɗalibar aikin jinya, ta fara clinical, wato koyon aiki a asibiti. Malamarsu ta miƙo mata fayil, ta ce matar ɗaki na tara jiya aka yi mata tiyata, kuma Hausa da Faransanci kawai take ji.

Tana tura ƙofa ta sandare. Bebi ce kwance, Tahirou, mijin Houda, na gyara mata filo!

"Houda, Hajiya ce ta aiko ni, wallahi—"

"Na tambaye ka?"

Ta shige banɗaki ta yi kuka mai isarta. Kalma ɗaya za ta faɗa wa malamar a sauya mata ɗaki. Amma wa zai ji Bebi in ta ce nan ke ciwo? Ta wanke fuska ta koma, zuciyarta na tafasa. Ta auna wa Bebi hawan jini, ko kallon Tahirou ba ta yi ba. A gida ma gaisuwarsa ba ta amsa ba.

Washegari amai ya kece wa Bebi, ya wanke wa Houda riga. Houda ta tallafe ta, ta goge mata baki tana "Sannu, sannu." A haka Hajiya ta shigo.

Bebi ta fashe da kuka. "Tanti, don Allah ki daina turo mini mijinta! Ni da ke mun san abin da kike nufi. Dubi abin da take mini, alhali ta sani!"

Hajiya ta cire mayafinta ta yafa wa Houda.

"Je ki sauya riga, 'yata. Ki yafe mini."

A bakin lif Tahirou ya tare ta, idonsa jawur. "Laifina ne da na ɓoye miki."

"Naka ne mana!" ta ce, amma ta bar shi ya karɓi jakarta.

Kishi ba laifi ba ne, kowace mace na da shi. Wadda ta danne nata ta yi abin da ya dace, ita Allah ke ɗaukakawa.