Lamba Ɗaya

Dutsen farko ya faɗo ne ana kiran sallar magariba, ya fasa tulun da Kadi ta wuni a layin famfo kafin ta cika shi. Ta tsaya tana kallon ruwan yana shigewa ƙasa. A shekarar damina ta ƙi, sojoji suna kan mulki, kowa a unguwar Wadata ya san darajar tulu guda. Ba ta gama salati ba na biyu ya sauka kan rufin kwano. Na uku ya samu mijinta Mutari a goshi yana alwala, jini ya gauraye da ruwan hannunsa.

Maƙwabta suka leƙa lungu, babu kowa. Duwatsun kuwa da sanyi suke, kamar daga firijo aka ɗauko su.

Mutari ma'aikacin ordinata ne, wato kwamfuta, a wani biro, ofishin da ke tsara rabon hatsin agaji ga garuruwan da yunwa ta kama. Dukan bayanan suna cikin manyan ma'adanai, injunan ajiya, a wani ɗaki mai kilim da ke hura sanyi, kuma wasu akwatuna da ake kira suwic su ke haɗa ma'adanan da sauran injuna. Kowane suwic da lambarsa ta yanki. In biyu suka yi lamba iri ɗaya, sai su ƙi magana da juna, hanyar ta rabe biyu. A makon aka kawo sabo, ya zo da lamba ɗaya, irin ta tsohon. Shugaban Mutari ya ce a bar wa sabon tasa. Mutari ya tsayar da tsohon, ya mayar da shi lamba bakwai, adireshin kowace ƙofar waya da ke jikinsa ya canja, ya gyara sauran, ya tashe shi. Aiki ya yi kyau, ya koma gida.

Jifa ta ci gaba kowace magariba. Ran Alhamis ta tsaya, gidan ya yi tsit. Ɗiyarsu Ramatu, wadda ke karatun sakandare a lise, tana zaune tana tsince shinkafa, sai ta ajiye faifan a hankali. Ta miƙe, ta kama ubanta ta wuyan riga, ta maka shi da bango. Maza uku daga maƙwabta suka danne ta, ta watsar da su, ta ciji ɗaya har ƙashi. Ta riƙa buga kanta da turmi, suka ɗaure ta da igiyar shanya.

Washegari da la'asar Kadi ta ɗauko Malam Sumana daga Tondibiya, wani tsoho busasshe mai ƙaramar murya. Ya zauna a gefen tabarmar, ya dafa kan yarinyar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Rana ta yi ja, jikin Ramatu ya lanƙwashe baya, igiyar ta tsinke.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ba namiji ba ce." Muryar da ta fito daga bakin Ramatu ta tsohuwa ce, a shaƙe. "Tafkinmu ya ƙafe, muka biyo sanyi muka shigo birni. Muka zauna a akwatin nan na ɗakin kilim, ba mu taɓa kowa ba. Ɗana ya fita neman ruwa. Kafin ya dawo, wannan mutumin ya canja lambar gidanmu, ya ba baƙo. Ɗana yana zuwa ƙofar baƙo ana koro shi. Yana yawo cikin rana."

"Ban sani ba," in ji Mutari. "Wallahi aiki aka sa ni."

"Ni ma zan riƙe taka ɗiyar ka ji," in ji muryar.

Hannun Ramatu na hagu ya murɗe da kansa. Kowa ya ji ƙarar ƙashin. Kadi ta kurma ihu ta zube.

Malam ya ɗaga murya da karatu har aljanar ta fara kuka tana cewa ya ƙone ta. Sannan ya sassauta. "Ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan me ta yi miki? In an mayar miki da lambarki, za ki fita?"

"Ɗana ya shigo, in fita."

"Ki rantse."

Ta rantse. Malam ya dubi Mutari.

"Allah gafarta Malam, sai na tsayar da duka biyun," in ji Mutari. "Kaftin ɗin da ke kula da rabon ya ce duk wanda ya taɓa injin kafin a gama lodin hatsi, shi da gidan kaso."

"To ka zaɓa," in ji Malam, ya koma karatunsa.

Mutari ya hau moto, babur ɗinsa, ya nufi biro. Sojojin bakin ƙofa sun san shi, suka bar shi ya wuce. Ya zauna gaban ekaran, allon ordinata, ya tsayar da sabon, ya ba shi lamba biyu. Ya tsayar da tsohon, ya mayar masa da ɗaya. A siton hatsi lodin motoci ya tsaya cak, tarho ya shiga ruri. Yana tashin tsohon sojojin suka banko ƙofa. Gindin bindiga ya same shi a baki, ya faɗi, suka bi shi da takalmi. Yana kwance yana tofar da haƙora ya ga fitilun akwatin suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya.

A gida, Ramatu ta yi atishawa mai ƙarfi, tsohuwar muryar ta ce, "Ya shigo," jikinta ya saki.

Sai da Mutari ya gyara wa sojojin hanyar, motoci suka tashi, sannan suka jefa shi a ɗakin tsaro. Bayan mako biyu aka sake shi, ba aiki. Ya iske Ramatu zaune a inuwa, an ɗaure mata hannu da karan ɗori. Ba ta tuna komai ba. Ta daɗe tana duban fuskarsa.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

Ya zauna kusa da ita, ya gyara mata ɗaurin hannun. "Faɗuwa na yi da moto," in ji shi.