Ɗanyen Siminti

Shekara ashirin Ɗan Kwangila yana gina wa mutane benaye, shi kuwa ko katangar gidansa bai gama ba. Da aka buɗe jami'a, ɗalibai suka cika gari, sai ya ƙyalla ido a kan filin da ya gada daura da ƙofar makarantar. Katafaren rukunin shaguna yake so, hawa uku, da gidan sinima, da wurin wasan yara, har da matakala mai tafiya da kanta. Ya yi ta yawo da zanen ginin ofis-ofis har takardar ta yi laushi. Masu kuɗi su ba shi ruwan sanyi, su raka shi ƙofa. Shi kuwa abin ya riga ya shiga ransa, ko abinci ba ya jin ɗanɗanonsa.

Wata rana da tsakar rana ya tuƙa motarsa zuwa tsohon ramin fasa dutse, inda aka ce masa akwai boka. Ɗakin bokan ba taga. Warin tsohon jini da hayaƙi ya tare shi tun daga ƙofa. A tsakiya akwai baƙar tukunya ɗaure da jan ƙyalle, a bango kuwa an jera faifan busasshiyar laka sun fi ɗari, kowanne da alama: wani tafin hannu, wani sawun ƙafa, wani ɗan ƙaramin da bai kai tafin jariri ba. Ya gani sarai, ya kawar da kai.

"Gini kake so," in ji boka, tun kafin ya zauna.

"Gini nake so. Nawa ne?"

"Kuɗinka na me? Ai ba ka da su." Boka ya tsoma hannu a tukunya, ya fito da ƙullin baƙin gari. "Ka zuba wannan a kwaɓin farko na daɓen ƙasa. Duk alamar da ta bushe a kan simintin nan, mai ita nawa ne."

Ɗan Kwangila ya dubi ƙullin. "Mutum kake nufi?"

"Na ce mutum?"

"In dabba ce fa?"

"Abin da ya bushe na ce."

"Ka rantse ba ƙari."

Boka ya yi dariya ba sauti. "Ni ba na ƙari. Ba na kuma ragi."

Ɗan Kwangila ya fito yana murmushi, wai shi mai wayo. Wayyo wayo! Ranar zuba kankare ya juye garin a injin kwaɓa siminti ba wanda ya gani. Da aka gama daɓe, leburori suka tafi cin abinci, sai ya jawo baƙin bunsuru daga bayan mota, ya kora shi ya ratsa ɗanyen simintin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya tsaya ya ƙirga sawun kofato, ya kaɗe hannu, ya shiga mota ya tafi abinsa.

Kafin mako ya zagayo, masu kuɗin da suka raka shi ƙofa su ne a ƙofarsa. Gini ya tashi kamar ana jan sa da igiya. Ranar buɗewa ɗalibai suka yi layi har bakin titi, shaguna suka ƙare, aka kafa sunansa da manyan haruffa a saman bene. Auta, 'yarsa da ke aji biyu a jami'ar, ta riƙa jan ƙawayenta zuwa matakalar tana cewa, "Na babana ne, ku hau, ba ta cizo!"

Wata huɗu da buɗewa matarsa ta faɗi a kicin tana yanka albasa, rai ya yi halinsa. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba, sai dai jikin ya sandare da wuri, ya yi nauyin da sai da mutum shida suka ɗaga. Bayan wata huɗu cif, babban ɗansa ya zauna ɗaure takalmi a falo, bai ƙara miƙewa ba. Shi ma nauyin nan.

A zaman makoki ƙanensa ya matso kusa da shi. Shi ne babban magininsa tun farkon sana'a, mutum mai tsabtar aiki, wanda ba ya iya wuce karkataccen bulo bai gyara ba.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce yana share ido. "Ko ba komai sunayensu na cikin gininmu."

"Wane suna?"

"Ranar daɓe mana. Na dawo na tarar wata shegiyar akuya ta tattaka mini aiki. Na ɗauki cokalin gini na shafe sawun tas. To ka san ni, ba na gama daɓe ban sa hannu ba. Na ce wannan karon namu ne, sai na ɗauki ƙusa na rubuta sunayen iyali a kusurwa. Matarka, da babban ɗanka, da ni, da Auta."

Ɗan Kwangila ya dube shi. "Ni fa?"

"Haba Yaya, kai da sunanka zai hau saman bene?"

Ya koma ramin dutse a guje, ya zube gaban boka. "Ka karɓi ginin! Ka karɓe ni!"

"Kai ba ka bushe a ciki ba."

"Kuskure ne! Bunsuru na ba ka!"

"Na ga bunsuru? Abin da ya bushe na ce, kai kuma ka ce na rantse ba ƙari." Boka ya nuna bango da haɓa. Sababbin faifai biyu na rataye, kusa da su ƙusoshi biyu da ba a rataya komai ba tukuna.

Saura kwana ɗaya wata huɗun ya cika, aka tsinci ƙanen nasa sandare a kan tsani, cokali a hannu. Saura Auta.

Washegari da hantsi, kasuwa na ci, Ɗan Kwangila ya shiga rukunin da guduma da ƙarfen fasa kankare. Kusurwar ta faɗa cikin wurin wasan yara. Ya kori kowa, ya ɓamɓare tayil, iyaye na ihu, masu gadi na kallon juna don ba mai iya riƙe mai gini. Ga rubutun ƙusa nan. Layi uku na sama sun shafe sumul kamar ba a taɓa rubuta su ba. Na huɗu yana nan raɗau, da hannun ƙanensa mai kyau.

Ya ɗora ƙarfe a kan harafin farko. Ya buga. Ya yi ta bugu yana kuka, har sunan ya zama gari, ya kwashe garin da hannu ya cusa a aljihu. Ya miƙe yana haki, zuciyarsa na cewa ya ci nasara.

Wayarsa ta yi ƙara. Ƙawar Auta ce. "Baba, ka zo. Muna cikin aji ta miƙe tsaye. Muna kiranta ba ta juyowa."

Auta ba ta mutu ba. Tana ci, tana sha, tana zaune inda aka ajiye ta. Amma ka kira ta da sunan yanka, ka kira ta Auta, ka kira ta duk abin da ka ga dama, ba za ta waiga ba. Da ubanta ya durƙusa gabanta ya kama hannunta, sai ta janye a hankali, ta ce, "Malam, wa kake nema?"

Masu shaguna suka watse ɗaya bayan ɗaya, don daɓen ya riƙa tsagewa daga kusurwar nan, ana liƙewa yana buɗewa. Yau ciyawa ce a matakalar da ke tafiya da kanta. Sunansa dai na nan a sama, ko harafi ɗaya bai faɗo ba. Shi ma yana nan ƙasa, zaune a bakin ƙofa da 'yarsa a gefe, yana faɗa mata sunanta tana kallon titi.

Kai da ke ganin bene ya tashi dare ɗaya ranka na biyawa, ka kama kanka. Wanda ya je wurin boka da wayo, bokan ya ga irinsa ɗari, yana kuma da ƙusa a bango tana jira. Kai za ka ƙulla cinikin, amma ba kai za a ɗauka ba. Za a bar ka da rai da lafiya, ka zauna ka kalla.