Kwalbar Kuɗin Rijiya

Tun Sufeto Attahir bai sauka daga dokinsa ba aka fara harararsa. Ya saba. A ƙauyukan Damargu duk wanda ya sa kakin Nasara, ko gaisuwa ya yi sai an ja tsaki kafin a amsa. Shi ma ba ƙaunarsu ta kawo shi ba.

Daga Tanut ya taso da gardi biyu, dogaran gwamnati, kan ƙarar satar kuɗin rijiya a wani ƙauye kusa da Gangara. Matan garin sun gaji da doguwar tafiya neman ruwa, shi ne kowane gida yake kai abin da ya samu wurin Yahuza, ƙanen Maigari, yana zubawa cikin wata koriyar kwalbar lemo da aka samo a barikin soja. Ba a ƙirga kuɗin, wai ƙirga na korar albarka. Ranar Juma'a Yahuza kan ɗaga kwalbar a ƙofar masallaci, kowa ya ga inda ta kai. Ta cika har wuya, mahaƙa suna hanya, sai aka ce ta ɓata.

An same ta babu komai ciki a kayan Aghali, wani Buzu mai raƙuma da ya sauka a zauren Yahuza. Ga shi nan ɗaure a turke, an tuɓe masa rawani don wulaƙanci. In laifin ya tabbata, kurkukun Damagaram za shi.

"Kai ka ɗauka?" Sufeto ya tambaye shi.

"Wane ɓarawo ne zai kwashe kuɗi ya adana kwalba cikin kayansa?" in ji Aghali. "Sun caje ni kaf, ko ƙwandalar tamma ɗaya ba su samu ba."

"Binnewa ya yi, la'ananne!" wata tsohuwa, Lantana, ta faɗa daga cikin taro.

Sufeto ya kifa kwalbar a tafin hannunsa ya bubbuga. 'Yan ƙwayoyin gero suka zubo. Ya juya wajen Maigari Barmo.

"Kuɗi nawa kwalbar nan take ci?"

"Mu ba mu ƙirga kuɗin rijiya," Maigari ya amsa yana kallon gefe.

"Ban ce ka ƙirga ba. Kimanta."

Nan fa baki ya buɗe. Wani ya ce ɗari uku, wani ya rantse dubu ne, kai ka ce a cikin kwalbar aka haife su. Maigari bai so a fi shi ba, ya ce, "Ai ta wuce haka. Ni kaɗai daloli na bayar bayan girbi, na azurfa, ba tarkacen tamma ba."

Aka kira Yahuza. Ya zo yana huci.

"Dalolin Maigari, ka zuba su a ciki?"

"Da hannun nan nawa, na rantse."

"Geron fa?"

"Buzun ne ya auna wa raƙuminsa."

"Da kwalba?"

Yahuza ya ce shi bai san halin Buzaye ba. Sufeto ya laluba aljihu ya fito da tamma, ya saka. Ta shige da ƙyar, ta faɗa ƙwal. Ya fito da dala, ya miƙa masa tare da kwalbar.

"Zuba, yadda ka saba."

Dala ta zauna a bakin kwalba kamar faifai a kan tulu. Yahuza ya juya ta, ya karkata ta, ya danna da babban yatsa har gumi ya keto masa.

"Ba ta shiga," Sufeto ya ce. "Ba ta taɓa shiga ba. Ina kuɗin mutane?"

Yahuza ya ajiye kwalbar. Ya ce da fari dalolin kawai ya ajiye gefe tunda sun ƙi shiga, daga baya abin ya yi masa daɗi. Sai ya riƙa cika tsakiyar kwalbar da gero, ya jera 'yan tamma a gefe da sama don idon masallata. Shanu ya saya, suna wajen wani makiyayi a Tenhya. Da ya ji mahaƙa sun kusa, sai ga baƙo ya sauka, ya juye kwalbar ya cusa ta cikin kayansa.

Maigari ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ranka ya daɗe, ɗan'uwana ne. A bari mu kashe maganar a gida."

"Da baƙo ne a ɗaure ba ka nemi haka ba."

Abin ya ƙona ran Sufeto ƙwarai. Ya sa aka kwance Aghali, aka ɗaure Yahuza da wannan igiyar, gardi suka tasa shi gaba.

Aghali ya naɗa rawaninsa a tsanake, bai dubi kowa ba. Lantana ta matso da ƙoƙon ruwa, ta durƙusa ta miƙa masa. Tun safe bai sha ba, leɓɓansa duk sun tsage.

Ya dubi ruwan, ya dube ta.

"Ajiye abinki, iya," ya ce. "Rijiyarku da nisa."