Gadon Ƙarfen Malam Haladu

Ranar kasuwar Korgom ce Mardiya ta fara ganin Alkasim. Tana zaune bayan kwalaben man gyaɗarta, shi kuma yana bin rumfunan masu tsohon ƙarfe da wata na'ura ruwan ɗorawa, yana kara ta jikin kowace tukunya kamar likita da majinyaci. Kasuwa duk ta zuba masa ido, ita kuwa dariya ce ta ƙwace mata.

"Malam, tukwanen ma ciwo suke yi?" in ji ta.

Ya juyo ya dube ta, nan take ya manta da tukunyar. Ya ce daga Yamai aka turo su. Gwamnati ce ta haɗa hannu da hukumar nukiliya ta duniya, wadda ta ba su horo da na'urori, don a bi sawun tsoffin ƙarafan da ma'aikata suka kwaso daga mahaƙar uraniyom ta arewa. Wasu ƙarafan na fitar da wani tururi mai cutarwa, ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa.

Ya sayi kwalba ɗaya, shi da ko shayi bai iya dafawa ba. Mako na zagayowa ya sake sayen wata. A na huɗu sai ga saƙo a wayarta:

"Mardi tawa, ɗakin da aka sauke ni a Tasawa ya cika da man gyaɗa, kuma ko murhu ba ni da shi. Ki ji tausayina, ki bar ni in zo in gaida Baba."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta amsa: "Ɗan Yamai, izini ba a hannuna yake ba. Amma in ka zo, zan leƙo ta danga."

Mahaifinta, Malam Haladu, shekara goma sha tara ya yi a mahaƙar nan. Abu biyu ya dawo da su: tari, da wani gadon ƙarfe da aka haɗa masa da tsoffin bututun wurin aiki. A kansa yake kwana, da rana a ja masa shi gindin itacen bedi. Tunda gadon amarya a wuyan uba yake, ya sha faɗa cewa ranar auren Mardiya zai sa a yi masa fenti ya bi ta, don ko jikokinta ba za su ga ƙarshensa ba.

Da mahaifiyarta Zara'u ta kai masa maganar Alkasim, bai ko ɗaga kai ba.

"Mai aikin uraniyom? Abokaina shida na wanke da hannuna. Ba ni ba da ɗiyata ga wanda za ya bar ta da takaba."

Ga kuma Ƙadri, mai shagon kayan babur, wanda ya yi shekara biyu yana sintiri ƙofar gidan don Mardiya ba a ko kawo masa ruwa ba. Shi ya baza a majalisa cewa duk namijin da ke riƙe wannan na'ura ba ya haihuwa. A ina ya karanta? Oho. Amma gari ya ɗauka.

Duk da haka Alkasim ya zo, wata Laraba bayan la'asar. Mardiya na laɓe bayan danga. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban gadon. Bai gama gaisuwa ba, ƙaramar na'urar da ke maƙale a aljihunsa, wadda dokar aiki ta hana shi rabuwa da ita, ta hau kuka. Ya ja baya, ta yi shiru. Ya matso, ta sake ɗauka. Mardiya ta ga fuskarsa ta canza.

"Baba, don Allah ku sauka daga gadon nan."

"Mi ka ce?"

"Bututun nan ba lafiyayyu ba ne, Baba."

"Cikin gidana za ka koya mani inda nika kwana? Tashi ka ba ni wuri!"

Kafin magariba saƙonsa ya iso: "Hasken idona, dole in kai rahoto. Ki yafe mani."

Ta rubuta: "In ka kai, ka kashe mu a garin nan. Ka yi shiru, ni zan sa a jefar da shi a daji."

"In aka jefar, wani maƙeri zai tsinta ya yi ludayi da shi, a ci abinci. Ba zan iya ba, Mardi."

Kwana uku bayan haka mota ta tsaya ƙofar gida. Mutane cikin fararen kaya, fuska a rufe, suka naɗe gadon cikin leda mai kauri, har ƙasar gindin bedin suka kankare. Korgom kaf tana tsaye tana kallo. Malam Haladu na zaune kan tabarma.

Daga ranar babu wanda ya sake sayen man Mardiya. A bakin rijiya mata sukan janye bokitansu in ta iso. Ƙadri mai son nan na shekara biyu, in ya hango ta sai ya tsallaka hanya. Mutanen da suka sha furar gidan nan shekara da shekaru, su ne suka fara kiransa gidan guba. Baƙin ciki ya cika Mardiya, ta kuwa sauke shi kan wanda ta fi so, ta rubuta masa:

"An kore ka, ka rama. Madalla. Kar ka sake nemana."

Ya turo saƙo bakwai, ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Wata biyu a haka, tarin Malam Haladu ya fara zuwa da jini. Mardiya ta bi 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yarda ya goya shi. Ta tsaya bakin tasha tana kuka, ta danna lambar da ta rantse ba za ta sake dannawa ba. Bai tambaye ta komai ba. Kafin azahar ya iso da mota.

A Yamai likita ya ce ciwon daji ne a huhu. Ƙurar shekaru ce ta yi aikinta, gadon kuwa babu mai iya rantsewa ko ya ƙara ko bai ƙara ba. Ya ce akwai injin da ake gasa ciwon da shi, da irin wannan tururin.

Tsohon ya dubi Alkasim. "Abin da ya cinye ni, shi za a ba ni magani?"

"Shi ne, Baba. Amma wannan da awo ake ba da shi, kuma akwai masu sa ido."

Mako shida Alkasim na tasowa daga aiki ya cicciɓi tsohon zuwa ɗakin injin. Wata safiya Mardiya ta same shi bakin famfo, ya naɗe hannun riga yana wanke kwanon da mahaifinta ke tofa jini a ciki. Ta tsaya bayansa, kunya ta rufe ta.

"Na zalunce ka," ta ce.

"Kin ji ciwo ne. Ni ma da za a sake, haka zan yi, Mardi. Gara ki ƙi ni da a shimfiɗa miki gadon nan."

"Ban taɓa ƙin ka ba. Na dai yi ƙoƙari."

Gashin injin ya tsayar da jinin, ya sassauta raɗaɗin. Amma likita bai ɓoye musu ba, watanni ne suka rage. Suna komawa Korgom Malam Haladu ya ce a turo magabata, kuma a gaggauta.

Ranar sa lalle, Zara'u ta kwaɓa lalle cike da ƙwarya, ta shimfiɗa tabarmi. Rana ta yi tsaka, ta karkata, ko mace ɗaya ba ta shigo ba. Suna can bakin hanya cirko-cirko, ana leƙe. Mardiya ta zauna ita kaɗai tsakiyar tabarmi, lallen na bushewa.

Sai muryar tsohon daga ɗaki: "Ku fidda ni waje. A kira mani Alkasim, ya zo da babbar na'urar. Mardiya, taso."

"Malam, amarya ce fa," in ji Zara'u. "Gaban maza?"

"Gaban kowa."

Aka zaunar da shi ƙofar gida, aka jingina shi da bango. Ya nuna ɗiyarsa. "Auna ta, su gani."

Alkasim ya bi ta da na'urar tun daga goshi har tafin ƙafa. Babu kuka. Ya auna Zara'u, ya auna ƙwaryar lallen, shiru.

"Saura ni," in ji tsohon.

Aka auna shi. Nan ma shiru. Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Kun gani? Nawa yana ciki, ba shi taɓa kowa, da shi zan tahi. Yaron ga da na kora, shi ya fidda cuta daga gidana, ku kuwa da ba ku fidda komi ba kuka guje mu. To, ga ɗiyata nan, lafiyarta lau. Wa za ta sa mata lalle?"

Can wata tsohuwa ta tsallako hanya tana share ido da bakin zane, ta kama hannun Mardiya ta ja ta ciki. Sauran suka biyo baya, kai a sunkuye.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta. Ya ɗora hannunsa, wanda ya koma ƙashi da fata, a kanta.

"Ban da abin ba ki, ɗiyata. Amma na ba ki ga mutumin da ya zaɓi ki rayu ko da ba tare da shi ba. Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari, shi ba ku tsawon ran da ban samu ba."

Alkasim ya ce amin. Mardiya ta riƙe hannun tsohon da hannu biyu ta ƙi saki, sai da shi da kansa ya zare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Tahi, mijinki na jira," ya ce.