Noti Huɗu da Faifan Filatinam

"Kowa ya kwanta! Na ce kowa!"

Trevor Mulcahy ne ya daka tsawar, bindiga a sama, fuska a rufe cikin hular sanyi. Ƙarfe shida saura minti huɗu na yammacin Alhamis. Sai dai a kulob ɗin tsofaffin sojoji na Port Garrick, kwanciya ba abin da ake yi nan take ba ne. Ƙaramin cikinsu ya ba sittin baya. Sai da aka dafa kujeru, aka jingine sanduna, gwiwoyi suna ƙara kamar ana karya kirare.

"Ɗan nan, in na kwanta wa zai tashe ni?" in ji wata tsohuwa daga gaban injin caca.

"To zauna, Inna. Amma ki daina danna abin nan."

Bayan Trevor akwai Desmond Kowalczyk, wanda kowa ke kira Des. Shekara hamsin da ɗaya, tumbi a gaba, jaka a hannu, da bindigar da babu harsashi ko ɗaya a cikinta. Tsarin mai sauƙi ne. Trevor ya shiga ɗakin kashiya, Des ya kwashe na mashaya, Noelene ƙanwar Trevor tana waje cikin a-kori-kura, inji a kunne. Minti uku, a fice kafin shida.

Wannan shi ne tsarin Trevor. Des yana da nasa, yana aljihun baya: sukundireba.

A bangon gabas, tsakanin hoton sarauniya da allon sunayen waɗanda suka ci tiren nama a ƙuri'ar ranar Juma'a, akwai wani gilashi mai firam. A cikinsa faifai ne fari fat yana ƙyalli, a ƙasa an rubuta: *Lorelle: Zaɓaɓɓun Waƙoƙi Ashirin. Filatinam. Kwafi dubu saba'in.*

Zaɓaɓɓu ashirin. Biyu daga ciki mutane sun sani, sauran sha takwas ko Lorelle sai ta duba takarda. Amma Des ne ya kaɗa ganga a duk ashirin ɗin. Shekara goma sha ɗaya sunan ƙungiyar Lorelle Pascoe da Samarin Tashar Ruwa, sai ranar da za a fitar da wannan faifai kamfani ya ce sunan ya yi tsawo, ba zai shiga kwali ba. Aka yanke samarin. Da aka kai dubu saba'in, firam ɗaya aka buga, aka miƙa wa mai suna a kwali. Ita kuma ta auri likitan haƙori, ta koma arewa, ta bar wa kulob ɗin garinsu firam ɗin kyauta. Faifan ya ci gaba da rarrafe a kasuwa har ya tsaya a dubu ɗari da talatin da huɗu. Des kan manta ranar haihuwar 'yarsa, amma wannan lambar ko cikin barci ka tashe shi.

Sau uku yana roƙon manajan kulob cikin ladabi ya ba shi firam ɗin. A na ukun manaja ya ce, "Des, in kowane mai ganga zai zo ya cire abu a bangon nan, ai sai mu koma zama a fili."

Shi ya sa Des ya kawo wa Trevor wannan aiki. Shi ya zaɓi ranar. Shi ya zaɓi lokacin, kuma ya fi kowa sanin yadda gwiwar tsoho take cin minti.

"Yi sauri, Goggo!" Muryar Trevor ce daga ɗakin kashiya, inda Beryl, wadda ta shekara talatin a kan kujerar nan, take neman tabaraunta kafin ta buɗe akwatin kuɗi.

Shida ta buga.

Fitilu suka dushe. 'Yar jar fitilar bangon yamma ta kama. Injinan caca suka yi shiru, muryar nan ta lasifika ta fara kamar kullum, a tashi a tuna da waɗanda suka tafi yaƙi ba su dawo ba.

Baba Alby, mai shekara tamanin da uku, ya dafa tebur ya fara miƙewa.

Trevor ya fito a guje. "Kai tsoho, koma ƙasa!"

"Ka harbe ni bayan minti ɗaya," in ji Baba Alby, ko kallonsa bai yi ba.

Ɗaya bayan ɗaya suka tashi, suka juya yamma, suka sunkuyar da kai. Trevor ya tsaya a tsakiyarsu da bindiga. Ubansa soja ne. Tun yana ɗan shekara bakwai ya taɓa shan mari a wannan zauren saboda ya bar hula a ka ƙarfe shida. Kai ya manta, hannu bai manta ba. Hannun ya tashi da kansa — ya tuɓe hular sanyin, ya dafe ta a ƙirji.

Mutum arba'in suna kallon yamma. Des yana gabas.

Noti na farko ya fita kamar man shanu. Na biyu haka. Na uku ya yi 'yar ƙara, wata tsohuwa ta ce "shhh" ba tare da ta waiwaya ba. Na huɗu ya cije. Gumi ya cika hular Des. Ya danna da duk nauyin tumbinsa, ya murɗa — ƙas! Firam ya faɗo hannunsa. Ya cusa a jaka. Jakar ta cika, ba wurin ko sisin kwabo.

Fitilu suka dawo.

Beryl ta gyara tabarau. "Trevor? Ba Trevor ɗan Maureen ba ne? Yaya ƙafar mamanka?"

"Da sauƙi," in ji Trevor. Sannan ya dubi hular da ke hannunsa.

"Gudu!"

*

Saje Pauline Dragic tana tsakiyar cin kifi da soyayyen dankali a caji ofis wayar ta yi ƙara.

"Pauline, Beryl ce. An yi mana fashi. Trevor ne ɗan Maureen."

"Kin tabbata?"

"Har na tambaye shi mamansa. Ɗayan dai bai cire hula ba, marar tarbiyya. Wani mai tumbi. Bai taɓa kuɗin mashaya ba, faifan Lorelle ya ɗauka."

Saje ta lashe gishirin yatsanta. "Mai tumbi, ya bar kuɗi ya ɗauki faifan Lorelle. Beryl, mutum nawa ne a garin nan za su yi haka?"

"Kash," in ji Beryl. "Des."

"Bari in gama kifina."

*

A-kori-kura tana cin titin bakin teku, su uku a matse a gaba. Noelene tana tuƙi da sigari a baki.

"Ka cire hula," in ji ta. "A tsakiyar fashi. Yaya, kai wane irin jaki ne?"

"Shida ce ta buga."

"Shida ce ta buga! Sai ka faɗa wa alƙali."

"Rufe min baki. Des, buɗe jakarka mu gani."

Des ya ƙanƙame jakar. "Bari mu isa tukuna."

Trevor ya fizge, ya zuge zif. Ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ce take kallonsa daga cikin gilashi, karo na biyu ke nan yau da ta fito inda ba a gayyace ta ba.

"Ina kuɗin mashaya?"

"Suna mashaya."

"Baaba, ka kai mu bakin kurkuku saboda kayan ado?"

"Ba kayan ado ba ne. Gumina ne. Ni na kaɗa..."

"Tsaya," Noelene ta katse shi, ido ɗaya a titi ɗaya a firam. "Me aka rubuta a nan? Filatinam? Yaya, wannan ƙarfen ya fi zinare tsada. Zoben matar maƙwabcinmu Gary da shi aka yi, ɗan mitsitsi, amma kuɗin mota."

Trevor ya auna firam ɗin a tafin hannu. Fuskarsa ta sauya.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji Des. "Ku riƙe rabona na kuɗin, duka. Ku bar min wannan."

"Ji shege," in ji Trevor. "Ya san abin da ya ɗauko, shi ya sa yake mana kyauta. Noelene, taka birki."

Ƙiiii — motar ta tsaya gefen wata gonar shanu. Bindigar Trevor, ba kamar ta Des ba, akwai harsashi. Des ya sauka. Ya riƙe ƙofa.

"Trev, shekara tara nake jiran abin nan."

"To ƙara tara."

Ƙura ta tashi. Wata saniya ta leƙo ta saman waya tana tuƙa, ta dube shi irin duban da tsohuwar matarsa take masa.

Mutum mai shekara hamsin ba ya gudu, ba ya kuka a titi. Tafiya yake yi yana haki. Des ya taka kilomita biyu zuwa gidan mai, ya shiga rumfar tarho, ya laluba aljihu. Sukundireba, noti huɗu, da tsaba ɗaya. Ya jefa.

"Saje, Des ne."

"Ina jiranka. Yaya tumbin?"

"Na san inda za su. Amma da sharaɗi."

"Ba ka da bakin sharaɗi, amma faɗi in ji."

"In kin kama su, ki bar ni in riƙe faifan. In ji shi sau ɗaya. Shi ke nan."

"Ba lauya kake so ba? Ba sassauci ba?"

"Faifan."

Saje ta yi ajiyar zuciya. "Ina suke?"

"Rumfar tsohon mijin Noelene, inda ake ɓare kawa, dodon koɗin nan na ruwa, a bakin kogi."

*

Rana ba ta gama faɗuwa ba motoci biyu suka toshe hanyar rumfar. A ciki Trevor ya riga ya fasa gilashin, yana kankare faifan da wuƙar ɓare kawa. Farin yana tashi kamar ɓawon albasa. Ƙarƙashinsa baƙar roba.

"Fenti ne," in ji Noelene a hankali. "Yaya, fenti ne."

"Trevor Mulcahy!" Lasifikar Saje ce. "Fito, hannu a sama. Mamanka ta ce in ba ka fito ba ita za ta zo."

Noelene ta fita tun kafin a kira sunanta. Trevor ya yi ta taga — tsalle ɗaya, sai kogi! Ya manta a wannan lokaci ruwan yakan janye ya koma teku. Ya nutse a taɓo har ƙugu, ɓawon kawa ya yanyanka masa ƙafafu, bindiga ta yi nata wuri. Sai da aka jefa masa igiya aka jawo shi kamar buhu.

*

Saje mai cika alkawari ce. A ɗakin kayan sata da aka ƙwato akwai wata tsohuwar garmaho da ba wanda ya zo nema. Ta kunna, ta kwance wa Des ankwa, ta miƙa masa faifan.

Ya riƙe shi ta gefe-gefe da yatsu, kamar jariri. Bai kai nauyin da ya zata ba.

"Waƙar farko da ganga take buɗewa," in ji shi. "Ni kaɗai, bugu takwas, kafin ita ta buɗe baki. Ki saurara."

Ya ɗora allura. Fenti ya yi ta shuuu, ƙar-ƙar-ƙar. Sai muryar wata mata ta fito, a hankali, cike da haƙuri:

"Sannu, kyakkyawan yaro. Sannu, kyakkyawan yaro. Wane ne kyakkyawan yaro?"

Kurtun da ke bakin ƙofa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

"Faifan koya wa aku magana ne," in ji Saje. "Goggona tana da irinsa. Des, ashe duk abin da ya yi kwantai a sito shi suke fesa wa fenti su sa a firam."

"Sannu, kyakkyawan yaro."

"In kashe?"

Des bai ɗago ba. "Bar shi ya ƙare. Ba wanda ya taɓa ce min haka a harkar waƙa."

*

Trevor ya sami shekara tara da ɗinki arba'in da biyu. Noelene huɗu. Des shida, alƙali ya rage masa ɗaya saboda tarho, ya ƙara masa ɗaya saboda bai cire hula ƙarfe shida ba, ko da yake a takarda wani dalili ya rubuta. Gwiwar Baba Alby ba ta sake komawa daidai ba, kuma har ya mutu ba a sake barinsa ya biya kuɗin giya a kulob ɗin ba.

Jaridu suka yi mako uku suna labarin. Mutane suka tuna akwai wata Lorelle, suka shiga kantuna. Dubu shidan da suka rage suka tafi kafin Kirsimeti. Dubu ɗari da arba'in, filatinam sau biyu. Lorelle ta sauko daga arewa da sababbin haƙora, ta miƙa wa kulob sabon firam mai faifai biyu. Manaja ya sa aka ɗaure shi da noti takwas.

Beryl ce ta aika wa Des hoton bangon a kurkuku. Kwamitin kulob ya zauna, kuma kamar yadda dokarsu ta tanada, an kafa ɗan allon tagulla a bangon gabas, inda kowa zai gani: *An haramta wa Desmond Kowalczyk, mai ganga, shiga wannan kulob har abada.*

Des ya manna hoton a saman gadonsa. Ya auna da yatsa. Tsakanin sunansa da faifan bai kai taƙi ɗaya ba.

Abokin ɗakinsa ya leƙo daga gadon sama. "Wane ne wannan?"

"Ni ne," in ji Des. "Karanta da kyau. Har da mai ganga suka sa."