Murfin Gwangwani a Cikin Klabiye

Ku yaran yanzu hannunku ya fi kunnenku sauri. Kuna ganin abu sau ɗaya a waya, sai ku ce kun iya. Tambaya ta zame muku abin kunya. To, ku zauna ku ji abin da ya sami wata yarinya a Treichville, wata unguwa a birnin Abidjan.

Yarinyar tana aji shida. Tana da wayo, kuma ta san tana da shi. Yayanta Saminu yana buga wa 'yan kasuwa takardun fito da kaya daga tashar jirgin ruwa. A gida yake aiki, da kwamfuta da klabiye, wato allon nan mai maɓallai da ake danna haruffa. Nasa mai nauyi ne, kowane maɓalli yana ƙara kas-kas. Yana ji da shi ƙwarai.

Amma klabiyen yana da matsala. In aka danna tsakiyarsa sai ya lotsa, ya yi ƙara kamar kwanon da babu komai.

"Yaya, me ya sa yake rawa?" in ji yarinyar.

"Cikinsa babu ƙarfi. In na gama takardun Alhaji Kailu zan kai shi wurin mai gyara a kasuwar Adjamé. Kada ki taɓa."

"Ni ma na ga yadda ake yi a waya."

"Na ce kada ki taɓa, sarkin iyawa."

Alhaji Kailu babban mai shigo da atamfa ne. Wannan ne karo na farko da ya ba Saminu aiki. Ya ce ranar Asabar bayan azahar zai zo karɓa. In ba a gama ba, zai kai wa wani.

Ranar Juma'a Saminu ya tafi masallaci. Yarinyar ta zauna tana kallon klabiyen. Sai ta tuna yadda ake gyara a gidansu. In gindin kujera ya tsage, Baba yakan buɗe gwangwanin tumatir, ya daddale shi, ya kafa da ƙusa. Kujerar sai ta yi ƙarfi.

Ta ce a ranta, "Ai duk ɗaya ne."

Ta ɗauko murfin babban gwangwani a kicin, ta daka shi da taɓarya har ya miƙe. Ta kwance sukurorin klabiyen. A ciki ta ga wani faifai kore mai ɗigo-ɗigon dalma. Ta shimfiɗa murfin a ƙarƙashinsa, ta mayar ta ɗaure. Ta danna tsakiya. Bai lotsa ba! Ta yi tsalle don murna.

Washegari da safe ta sa kayan makaranta. Ranar ce ajinsu zai tafi garin Bassam ganin teku. Wata biyu tana jiran wannan rana. Mama ta ƙulla mata soyayyar ayaba da kifi a leda.

Saminu ya jona klabiyen. Fitilarsa ta haska sau ɗaya, ta mutu. Wani wari ya tashi kamar an ƙona roba. Ya danna, ya danna, babu harafi ko ɗaya.

"Wa ya taɓa wannan?"

Saminu ya buɗe. Ga murfin gwangwani, da hoton tumatir a jiki.

"Yaya, ƙarfi na sa masa," ta ce.

"Ƙarfi? Kin kashe shi! Da me zan gama takardun Alhaji?"

Baba ya fito ya duba. Bai ɗaga murya ba.

"Ajiye ledar nan," ya ce. "Babu Bassam. Ke za ki ɗauki abin nan ki bi yayanki Adjamé. Ki faɗa wa mai gyara abin da kika yi da bakinki."

"Baba, don Allah..."

"Na gama magana."

Suka fito. A Gare de Bassam, tashar motocin Bassam, ta hango 'yan ajinsu suna shiga mota suna waƙa. Ƙawarta Laila ta ɗaga mata hannu. Ta sunkuyar da kai, ta rungume klabiyen.

A kasuwar Adjamé suka sami Malam Nuruddeen mai gyara, a ɗan shagonsa. Ta faɗa masa komai. Ya ɗaga murfin ya yi dariya har da tari.

"Yako, sannu Saminu! Ƙanwarka miya za ta dafa a ciki?"

Sannan ya juya wurinta. "Zo nan, 'yata. Kin ga ɗigon nan? Wuta ce take bi ta cikinsu, kowane da hanyarsa. Ƙarfe ya haɗa su duka, shi ya sa ya ƙone. Kin yi sa'a, ɗan abu guda ne ya tafi."

Ya canza abin da ya ƙone. Ya nuna mata wani rami a tsakiya.

"Sukuru ɗaya ne ya faɗi tun da daɗewa. Shi ne yake sa shi lotsawa."

Ya sa sabo. Ya ba ta almakashi da soso siriri, ta yanka daidai cikin klabiyen. Sau uku tana ɓatawa, sau uku yana cewa ta sake. Da aka rufe, Saminu ya danna. Allon ya tsaya cak. Ƙarar ta koma tak-tak mai daɗi.

Suka koma gida da sauri. Saminu ya gama takarda ta ƙarshe ana kiran azahar. Alhaji Kailu ya zo, ya duba, ya ce mako mai zuwa akwai wasu.

Yarinyar ta ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe. Sosonki ma ya zauna daidai. Amma gobe me za ki yi?"

"Zan tambaya tukuna."

Ku riƙe wannan. Abin da ba naka ba, kada ka buɗe sai da izini. Abin da ba ka sani ba, ka tambayi wanda ya sani.

Da yamma Laila ta kawo mata ƙwaryar katantanwa daga bakin teku. Ita ce kaɗai rabonta daga Bassam a waccan shekara.