Amaryar da Ba Ta Waiwaye

"Amarya! Ke Amarya!"

Muzdalifa ta ji kiran tun na farko. Tana tsugune a bakin murhu tana dama kokon safe, kuma muryar Inna Hanatu, uwar mijinta, ba irin wadda ake cewa ba a ji ba ce. Sai da ta ajiye ludayi, ta dafa gwiwa ta miƙe, sannan ta juyo da jikinta gaba ɗaya kamar mai ɗauke da tulu a ka.

"Na'am, Inna."

"To, sannu sarauniya!" Inna Hanatu ta riƙe haɓa. "Sai an kira an ƙara kira, kana ki juyo. Mu can zamaninmu tari kaɗai uwar miji ka yi, ki ga mutum gabanta durƙushe. Wai ni mi na yi maki cikin gidan ga?"

"Ba komai, Inna. Ki yi haƙuri."

Ta so ta sunkuyar da kai kamar yadda ladabi ya ce. Wani zafi ya taso daga ƙeyarta ya bi kafaɗa har yatsu, dole ta bar kan a miƙe. Inna ta ga kan a miƙe, ta yi ƙwafa ta wuce. Kaico, da Inna ta san abin da ke cikin wuyan nan, da ba ta yi ƙwafar ba.

Muzdalifa 'yar Kucheri ce ta ƙasar Tsafe. Yazid, autan Inna, malamin gona ne a Gusau. Ya je ƙauyensu koya wa manoma ajiyar wake, ya roƙi ruwan sha a ƙofar gidansu, aka aiko ta da kwano. Tun daga wannan rana, waken Kucheri ya ga kulawar da bai taɓa gani ba, don kusan kowane mako sai malamin gona ya dawo duba shi. Inna ta so ya ɗauko 'yar danginta ta Kekun Waje, amma da ta ga auta ya kafe, ta sa albarka aka ɗaura aure.

Ranar kai amarya Bungudu, garin su Yazid, motoci suka taso da la'asar ana guɗa. Muzdalifa na kujerar baya, an lulluɓe ta ruf da mayafi, kanta a sunkuye tana kukan rabuwa da gida. Sun wuce Tsafe kaɗan shanu suka keto hanya. Direba ya taka burki, motar ƙawaye da ke biye ta daki bayansu — gam! Kowa ya ga abin yana zuwa ya dafe, ban da amarya da ke cikin mayafi. Kanta ya yi baya da ƙarfi, ya dawo gaba.

Aka fito ana salati. Ba jini, ba karaya, fitilar mota kawai ta fashe. Muzdalifa ta raɗa wa ƙanwar babanta, Gwaggo Sa'adiya, cewa ta ji wani abu a wuyanta.

Gwaggo ta matse mata hannu. "Ki rufa mani baki! Kin san uwar mijinki ba ke ta so ba. In kinka shiga gidan ga da ciwo ranar farko, gobe duk Bungudu za a ce an kawo mai farar ƙafa. Kowace akuya ta mutu, ke ce. Ki daure, ɗiyata, zai wuce."

Muzdalifa ta san yadda ake yi wa macen da aka laƙa wa farar ƙafa. Duk asarar da ta sami gida ita ake kallo, har miji ya fara tsoronta. Sai ta ja bakinta ta yi gum.

Daren farko ba ta ji komai ba, har ta ce Gwaggo ta yi gaskiya. Washegari ta tashi wuya ya sanƙare. A kwanakin amarci ba wanda ya lura, don amarya dama ba ta ɗaga kai, ba ta waige-waige. Mata ma yabo suka yi ta yi, wai yarinya mai kunya. Da amarci ya ƙare ta fito tsakar gida, sai aiki ya tarar da ciwo. Dakan fura ne ya fi gallaba ta: duk saukar taɓarya sai ta ji ta har tsakiyar kanta. Ta ɗauki daron gero a ka daga rumbu, ta sauke shi idonta na ganin duhu. Ciwon kai ya zama na kullum. In ta miƙe jiri, in ta kwanta ba barci. Aka fara samun miya ba gishiri, wata rana kuma gishiri biyu. Sannan yatsun hannunta na dama suka fara mutuwa, kamar ta kwana a kansu.

Yazid ya ga matarsa na ramewa. Wata ranar Asabar da hantsi ya same ta zaune bakin gado, ta tallafe ƙeya da hannu biyu. Ya zauna kusa da ita, ya ajiye mata ledar lemo.

"Muzda, wai me ke damunki ne? Dariyar nan da ta sa na ƙare man babur a hanyar Kucheri, ina kika kai ta?"

Ta yi murmushi. "Ciwon kai ne kawai, Yaya."

"Kullum ciwon kai? Farasitamol ɗin da kika sha ya isa buɗe kemis. Shirya mu je Gusau likita ya duba ki."

Ta yi saurin tare shi. Likita zai tambayi mafari, mafari kuma ranar biki ne. "A'a, don Allah. Sabon wuri ne, zan saba."

"Ko ni na yi laifi? In ni ne, sori, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya, dariyar ta ja mata jijiya, hawaye suka cika idonta. Ya share mata da bakin rigarsa, yana zaton kewar gida ce. Tana son mutumin nan har cikin ranta, kuma son ne ya ƙara rufe mata baki, don ba ta iya jure ranar da zai kalle ta da tsoro.

Ana haka dangin Inna na Kekun Waje suka zo wuni, su da dama ke da abin cewa. Inna ta sa aka yanka zakara, tana so ta nuna musu auta bai yi zaɓen banza ba. Muzdalifa ta yi girki tun safe. Ta ɗauko babban kwanon miya da hannu biyu, ta iso gaban baƙi, sai hannun dama ya saki ba tare da ta sani ba. Kwano ya kife, miya ta wanke zanen babbar yayar Inna.

"Innalillahi! Ke, ba ki gani?" in ji yayar.

"Ai ko sunkuyawa ba ta yi ba da ta gaishe mu," wata ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Hanatu, wagga ita ɗanki ya zaɓa a kan tamu?"

Inna ta daure har baƙi suka tafi, amma kunya ta gama kashe ta. Da Yazid ya dawo ta tare shi a tsakar gida, a inda Muzdalifa ke ji.

"Auta, gobe ka maida ta Kucheri. In kira ta ba ta waiwaya, ta gaida manya kai tsaye, yau kuma ta zubar mani da mutunci gaban dangi. Ta tahi gida a koya mata zama da mutane."

"Inna, don Allah ki saurara, wallahi ba halinta ba ne..."

"Ni na haife ka ko ita?"

Idon Yazid ya yi ja. Bai taɓa musu da Inna ba, bai kuma taɓa tunanin kwana a gidan nan babu Muzdalifa ba. Ya sa takalmi ya fita masallaci kamar wanda aka zare wa laka.

Muzdalifa ta yi alwala tana kuka. Ɗaki ya yi zafi, sai ta shimfiɗa dardumarta a rumfa, ɗan nesa da inda Inna ta idar da la'asar tana jan carbi. Ta yi sallarta yadda ta saba yi tun bayan biki: ruku'u a hankali, sujada tana kai goshi ƙasa kamar mai ajiye ƙwai, tana cije leɓe. Da ta zo sallama, ta juya kafaɗunta da ƙirjinta gaba ɗaya zuwa dama, don wuyan ba ya zuwa.

Carbin Inna ya daina motsi.

"Amarya. Zo nan."

Ta matso ta durƙusa.

"Dubi dama in gani. A'a, ban da kafaɗa. Kai kaɗai."

Muzdalifa ta gwada. Kan ya ɗan motsa ya tsaya, ta saki ƙara ba ta shirya ba.

Inna ta ajiye carbi. Muryarta ta sauka. "Na ga masu raina mutane da yawa, amma ban taɓa ganin wanda ya yi wa sallamar sallarsa girman kai ba. Ɗiyar nan, ba ƙi kike ba, kasawa kike. Tun yaushe?"

Nan fa kuka ya ɓalle. Ta faɗi komai: shanun, burkin, mayafin, da maganar Gwaggo Sa'adiya.

"Farar ƙafa?" Inna ta dafe ƙirji. "Shanu sunka tare hanya, direba ya taka burki, ke ƙafarki mi ta yi ciki? Kai, Sa'adiya ba ta kyauta ba! Ni ma ban kyauta ba, da na sa ki daka da wuyan ga." Ta jawo ta jikinta a hankali, hawaye na bin kuncinta. "Da gobe na kore ki, da wane ido zan tsaya gaban Allah?"

Yazid ya shigo ya tarar da su rungume suna kuka, ya tsaya sororo. Da ya ji labari, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Muzda! Ina kwana ɗaki ɗaya da ke, kika ɓoye mini? Ko duniya ta taru ta ce ƙafarki fara ce, ni da ita zan tafi."

Inna ta ce a kira mai ɗori ya ja wuyan ya koma daidai. Yazid ya durƙusa gabanta. "Inna, wannan karon ki bar ni. Wuya ba hannu ba ne. Kada kowa ya ja shi sai an ɗauki hoto an ga abin da ke ciki."

Inna ta dube shi, ta gyaɗa kai. "To, da ni za a tahi."

A asibiti a Gusau aka ɗauki hoton wuyan. Likitar, wata mace mai fara'a, ta danna nan ta danna can, ta sa Muzdalifa ta matse mata yatsu, sannan ta zauna.

"Ƙashi bai karye ba, alhamdulillahi. Amma lokacin da kanki ya yi baya ya dawo, naman wuya da jijiyoyi sun ji rauni. Irin wannan ciwon ba ya nuna jini, sau da yawa ma sai washegari yake tashi, shi ya sa ake raina shi. Da kin zo a makon farko, magani da motsa wuya a hankali sun isa. Kin bar shi, kin ɗora masa daka da kaya, har wani wuri ya danne jijiyar da ke zuwa hannu. Da an ƙara jinkiri, ko wani ya ja wuyan nan da ƙarfi, hannun na iya tafiya."

Inna ta runtse ido. "Likita, za ta warke?"

"Za ta samu sauƙi sosai, in sha Allahu, amma sai an yi haƙuri. Ba zan yi alkawarin komai zai koma kamar da ba."

Aka sa ta zuwa sashen gashin ƙashi, aka koya mata yadda za ta riƙa juya wuya kaɗan-kaɗan kullum. Inna ta kwashe taɓarya ta kai ɗakinta, ta ce duk wanda ya ga Amarya da kaya a ka ya zo ya gaya mata. Yazid ya koyi gasa mata wuya da tawul mai ɗumi, har da hura wuta, abin da ya ba matan unguwa dariyar wata guda.

Kowace safiya Inna kan ɗauki kujera ta zauna a bayan Muzdalifa, ɗan gefe, ta kira ta.

"Amarya!"

Kan ya ɗan juya ya tsaya.

"Ya isa, kada ki matsa. Gobe ma rana ce."

Damina ta wuce, aka yi girbi. Jiri ya tafi, barci ya dawo, dariyar Kucheri ma ta dawo. Yatsu biyu na hannun dama ne ba su gama farfaɗowa ba; har yau allura kan suɓuce mata, kuma in ta gaji ƙeyar kan tuna mata. Wannan shi ne abin da shirun ya ci, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Duk amaryar da ta gani takan ce mata: in mota ta girgiza ki, ko ba jini, je asibiti, haƙuri da mutane ibada ne, amma ɓoye ciwo don tsoron bakin mutane cutar kai ce.

Wata safiya tana bakin murhu tana dama koko, hankalinta na kan tukunya.

"Amarya!"

Kafin ta yi tunani, ta waiwayo. Ludayi na hannunta, kafaɗunta ba su motsa ba, idonta cikin idon Inna.

"Na'am, Inna?"

Inna Hanatu ta buɗe baki, ta manta abin da ta kira ta ta ce. Ta sa gefen zane ta share ido.

"Ba komai, ɗiyata. Dama koko."